Sukarin da ba a ganin zubarsa: Me ya sa ake neman kamfanoni su rubuta adadin da suka ƙara a abinci?

Duk wanda ya saba zama a bencin mai shayi a garin Yawuri ya san cewa a gaban idonsa ake zuba masa sukari. Mai shayi na ɗaga cokali, mai saye na ƙirgawa, idan ya ga abin zai yi yawa sai ya ce, "Malam, biyu ya isa." Haka abin yake a wajen mai koko, haka a wajen mai fura. Komai yawan zaƙin da mutum ya sha a irin waɗannan wurare, da saninsa ya sha.

Kayan leda da na gwangwani da na roba ba haka suke ba. Cokalin da ya zuba sukari a cikin lemon kwalba, ko biskit, ko yogot, ko garin kunun jarirai, an ɗaga shi ne a wata masana'anta a Ikeja ko Agbara ko Sharaɗa, ɗaruruwan kilomita daga bakin Tafkin Kainji. Manyan motoci ne ke kawo kayan ta hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yawuri zuwa Koko da Jega. Daga hannun diloli sai su watsu zuwa shagunan tireda na Shanga da kasuwar Wara da ke Ƙaramar Hukumar Ngaski, wasu kuma a loda su a jiragen ruwa zuwa ƙauyukan masunta. A duk tsawon wannan tafiya, shaida guda ce ke rakiyar kayan, wato ɗan jadawalin da ke bayan kwali. Shi kuwa wannan jadawali, a yadda akasarin kamfanoni ke rubuta shi a Najeriya, ba ya faɗin yawan sukarin da aka zuba da hannu.

Sukari biyu a layi ɗaya

Idan aka juya bayan robar yogot ko kwalin lemo, galibi za a ga layin da aka rubuta "Carbohydrate", a ƙarƙashinsa kuma "of which sugars" tare da wani adadi na giram. Wannan adadi jimilla ce. Ya haɗa sukarin da Allah Ya halitta a cikin abincin da wanda kamfani ya auno ya zuba.

Madarar shanu, ko ba a sa mata komai ba, tana ɗauke da sukarinta na asali da ake kira laktos, kusan giram 5 a cikin kowane mililita 100. Mangwaro da dabino da lemon zaƙi su ma suna da nasu. Irin wannan sukari yana zuwa ne tare da abokan tafiya: sinadarin gina jiki da na ƙarfafa ƙashi a madara, harza da bitamin a 'ya'yan itace, waɗanda ke sa mutum ya ƙoshi kuma su rage saurin shigar zaƙin cikin jini. Sukarin da aka ƙara kuwa shi kaɗai yake zuwa, ba ya kawo wa jiki komai sai kuzari, kalori 4 a kowane giram.

Haɗa su a layi guda yana cutar ɓangarori biyu. Garin madara zalla, wanda ba a zuba masa ko ƙwayar sukari ba, zai nuna kusan giram 38 a cikin giram 100, domin an ƙafar da ruwan madarar, laktos ɗin ya taru. Mai ciwon sukari da ya ga wannan adadi zai iya ajiye gwangwanin a tsorace, ya ɗauki wani garin shayi da adadinsa ya yi kama da wannan, alhali akasarin nasa zaƙin daga buhu ya fito. Ta haka kamfanin da bai ƙara komai ba ya yi asarar ciniki, wanda ya ƙara kuma ya sami wurin fakewa.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, kuma idan aka rage shi ƙasa da kashi 5 ya fi alheri. Ga babban mutum mai buƙatar kalori 2,000, kashi 10 ɗin na nufin giram 50, wato kimanin ƙaramin cokali 12, ko ƙwayar sukarin kwali kusan goma. Hukumar ta sanya zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse a cikin wannan lissafi. Wannan kan ba mutane mamaki, musamman ganin darajar da zuma ke da ita a addini da al'ada, amma ta fuskar yawan zaƙin da ke shiga jini, zuma da mazarƙwaila da farin sukari 'yan gida ɗaya ne.

To, lemon kwalban da jadawalinsa ya nuna giram 10 a mililita 100, idan roba ce mai rabin lita, giram 50 ke ciki cif. Ma'aikacin da ya kora abincin rana da roba ɗaya ya cinye kason yininsa gaba ɗaya, ban da shayin safe da ya riga ya sha. Da mai shayi ne ya tsaya a gabansa ya zuba cokali goma sha biyu a kofi ɗaya, da ya riƙe masa hannu.

Yadda Amurka ta raba layin

A watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta fitar da sabon tsarin jadawalin sinadarai. A ƙarƙashin jimillar sukari, an tilasta wa kamfanoni su ƙara wani layi mai cewa "Includes ... Added Sugars", su faɗi giram nawa suka zuba, su kuma nuna kashi nawa ne wannan daga cikin giram 50 na yini. An ba manyan kamfanoni, masu cinikin abinci na Dala miliyan 10 zuwa sama a shekara, wa'adin 1 ga Janairun 2020, ƙanana kuma aka ƙara musu shekara guda.

Masu masana'antu sun yi ta ja da wannan doka, kuma babbar hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun ce jiki ba ya bambance sukarin da ya fito daga rake da wanda ya fito daga mangwaro, kuma ɗakin gwaji ma ba ya iya bambancewa cikin sauƙi: na'ura za ta faɗi yawan sukarin da ke cikin robar lemo, amma ba za ta faɗi wane ɓangare ne ya zo da 'ya'yan itacen, wane ne aka zuba daga baya ba. Hukumar ta amsa da cewa in na'ura ba ta sani ba, ai kamfani ya sani, tunda shi ya rubuta tsarin haɗin. Sai ta wajabta wa kamfanoni su adana takardun awon abin da suke zubawa domin masu bincike su duba. Masu zuma su ma sun yi ƙorafi, suna cewa rubuta "an ƙara sukari" a jikin zuma zalla zai sa mai saye ya zaci algus aka yi, kuma a shekarar 2018 aka sassauta musu lafazin.

Indiya da Brazil sun bi wannan hanya ta bayyana sukarin da aka ƙara. Tarayyar Turai kuwa har yanzu jimilla take nema. Ita ma hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex Alimentarius, wadda Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, jimillar sukari ce ta sanya a jerin abubuwan da ya kamata a bayyana. Najeriya mamba ce a Codex, kuma dokokin hukumar NAFDAC kan rubutun jikin kayan abinci, ciki har da sabuwar dokar shekarar 2022, a kan ƙa'idojinta aka gina su.

Kunun jarirai

Inda wannan giɓi ya fi fitowa fili shi ne a abincin yara. A watan Afrilun 2024 wata ƙungiyar bincike ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye, tare da ƙungiyar kare shayarwa ta IBFAN, suka wallafa rahoto kan garin kunun jarirai na Cerelac da kamfanin Nestlé ke sayarwa a ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka. Rahoton ya ce akasarin nau'o'in da aka duba suna ɗauke da sukarin da aka ƙara, matsakaicinsa kusan giram 4 a kowane damu ɗaya, alhali irin wannan kaya da ake sayar wa jarirai 'yan wata shida a Jamus da Birtaniya ba a ƙara masa sukari. Najeriya na cikin ƙasashen da rahoton ya ce adadin ya fi yawa, kuma ba a rubuta shi a jikin gwangwani ba, sai da masu binciken suka kai kayan ɗakin gwaji. Kamfanin ya mayar da martani cewa kayansa sun cika sharuɗɗan dokokin ƙasashen da ƙa'idojin Codex. Ita ma NAFDAC ta ce nau'o'in da ta yi wa rajista sun dace da ƙa'ida.

Dukkan maganganun biyu na iya zama gaskiya a lokaci guda, kuma a nan matsalar take. Kaya na iya cika kowane sharaɗi na doka, amma uwar da ta saya ba ta da hanyar sanin cewa a kowane damu tana ba jaririnta cokali guda na sukari ko fiye.

Ga iyayen masarautar Yawuri, wannan ba zancen ƙiba ba ne da farko. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 66 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kebbi sun tsumbure, adadi mafi girma a duk faɗin ƙasar a lokacin. Cikin jariri ƙarami ne. Duk gurbin da biskit mai zaƙi ko lemon leda ya cike, gurbi ne da ya kamata kifi ko ƙwai ko wake ko gyaɗa su shiga. Abin takaici ne a ce yaron da aka haifa a gaɓar ruwan da ke ciyar da kasuwanni da dama da busasshen kifi, a yaye shi da garin da aka sayo da tsada domin an ga hoton jariri mai kumatu a jikin gwangwani. Ƙari a kan haka, harshen da ya saba da zaƙi tun yana wata shida da wuya ya karɓi kunun gida daga baya. Shi ya sa jagororin ciyar da yara na Hukumar Lafiya ta Duniya suka ce a nisanta yara 'yan ƙasa da shekara biyu daga abin sha mai ƙarin sukari.

Ga manya kuwa, zancen ciwon sukari ne da ruɓewar haƙori da teɓa. Wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 5.8 cikin 100 na 'yan Najeriya na da ciwon sukari, Arewa maso Yamma kuma ita ce mafi ƙaranci da kashi 3. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ce fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Shan zaƙi ba shi kaɗai ke jawo ciwon ba, akwai gado da nauyin jiki da rashin motsi, sai dai bincike da dama sun danganta yawan shan lemo mai sukari da ƙaruwar haɗarin kamuwa. Kuma wanda likita ya riga ya ce masa ya kiyayi zaƙi, shi ya fi kowa buƙatar jadawalin da ba ya ɓoye komai.

Adalci ne a faɗi cewa matsakaicin ɗan Najeriya ba ya shan sukari kamar sauran duniya: bai kai kilo 10 a shekara ba, yayin da matsakaicin duniya ya haura kilo 20. Masu masana'antu kan kafa hujja da wannan. Amma matsakaici yana haɗa manomin albasa na ƙauyen Gungawa, wanda ba ya ganin lemon kwalba sai ranar suna, da ɗan kasuwar da ke zaune a shago daga safe zuwa dare da firij a gefensa.

Haraji a kan lita

Abin da gwamnatin tarayya ta yi a aikace shi ne haraji. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Ƙungiyoyin farar hula irin su CAPPA na neman a ɗaga shi zuwa Naira 130, Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya kuma na adawa da hakan. Rauninsa shi ne lita yake ƙirgawa: mai zuba giram 4 da mai zuba giram 12 kuɗi ɗaya suke biya, don haka babu abin da zai sa kamfani ya rage. Birtaniya ta ɗora nata harajin a 2018 a kan yawan sukarin da ke cikin mililita 100, mataki ɗaya daga giram 5, wani daga giram 8, sai kamfanoni suka yi ta rage zaƙin domin su kauce wa biya. Irin wannan tsari ba ya yiwuwa sai hukuma na da sahihin adadin abin da kowa ke zubawa.

Rubutu ga wanda ba ya karanta Turanci

Ko da an ƙara layin a gobe, da sauran rina a kaba. Jadawalin da Turanci ake rubuta shi, da haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero. A kasuwannin Yawuri da Shanga da Wara, inda Gungawa da Kambari da Dukawa da Shangawa da Fulani ke ciniki da Hausa, masu saye da yawa sun fi iya karatun ajami a kan boko. Wasu kayan ma da ke shigowa ta iyakokin Kebbi da Jamhuriyar Benin da Nijar da Faransanci suke zuwa, inda ake rubuta "dont sucres". Sannan ga ɗabi'ar sayarwa a ƙulle: ana fasa babban buhun madara ko na garin shayi a ƙulla a farar leda, jadawalin ya tsaya a jikin buhu a bayan shago.

Ƙasar Chile ta fuskanci irin wannan tambaya, ta kuma amsa da alama maimakon lissafi. Tun daga watan Yunin 2016, duk kayan da sukarinsa ya wuce ƙima sai an buga masa baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban kwali, aka kuma hana sayar da irinsa a makarantu da tallata shi ga yara. Wani nazari da aka wallafa a 2020 ya gano cewa sayen abin sha mai ɗauke da tambarin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mexico ta bi sahu a wannan shekarar. Najeriya ba baƙuwar alama ba ce: tun farkon shekarun 2000 aka wajabta sanya bitamin A a sukari da fulawa da man girki, kuma hoton ido da ke jikin kwali shi ke sanar da hakan ba tare da an karanta komai ba. Sai dai wannan idon shaidar bitamin ce kawai, ba izinin ƙara cokali ba.

Lissafin da mai shago zai iya yi

Kafin doka ta sauya, akwai abin da jadawalin yanzu ke bayyanawa ga mai lura. Ƙa'ida ce a jera kayan haɗi daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci. Idan kalmar "sugar" ta zo ta farko ko ta biyu, to ita ce ginshiƙin kayan, ko da hoton da ke gaba na madara ne ko na alkama. Wasu kamfanoni kan raba zaƙin gida-gida domin kada ya hau sama: "glucose syrup" a nan, "fructose" a can, "dextrose" ko "invert sugar" ko "fruit juice concentrate" a ƙasa. Duk sukari ne da aka ƙara. Haka nan gwangwanin da aka rubuta wa "sweetened condensed" ya sha bamban da mai "evaporated": na farko kusan rabinsa sukari ne, na biyu madara ce da aka rage wa ruwa.

Sai kuma a duba ko adadin na mililita 100 ne ko na abin da kamfani ya kira sha ɗaya. Roba mai rabin lita ana iya lissafa ta a matsayin sha biyu, alhali ba wanda ke raba ta a zafin watan Afrilu. A kayan madara ana iya cire laktos a ga abin da ya rage. Misali, yogot ɗin da ya nuna giram 13 a mililita 100, idan aka cire kusan 5 na asali, saura 8; a rabin lita giram 40 ke nan, a raba da huɗu, cokali goma. Mai shagon da ya iya lissafin ribar katan a ka ba zai gaza wannan ba, kuma a ƙauyen da ba likita, shi ne mutumin da mai jego ko dattijo mai ciwon sukari ke tambaya, "Alhaji, wanne ya fi?"

Akwai fargabar cewa irin wannan doka za ta danne ƙananan masu sana'a, matan da ke ɗura zoɓo da kunun aya da yogot a robobi suna sayarwa a tashoshi da ofisoshi. Auna bitamin ko sinadarin gina jiki lallai sai da ɗakin gwaji da kuɗi. Sukarin da aka ƙara kuwa sikeli kawai yake buƙata. Wadda ta zuba kilo ɗaya na sukari a lita goma na zoɓo ta zuba kimanin giram 10 a kowane mililita 100, daidai da ƙarfin lemon kamfani. Idan ta mayar da shi rabin kilo, ya koma giram 5, ta kuma rage rabin kuɗin da take kashewa a kan sukari a kowace tukunya.